Lissafin Mai Ƙwai

Shekara tara muna tare da tsohon babur ɗina,
Daga Shika nake ɗauko ƙwai, shi ne abincina,
Kiret goma sha biyu a ɗaure a bayana,
Mu sauka Sabon Gari kafin gari ya gama wayewa.

Ba ya tashi sai na roƙe shi da kirari,
Kik bakwai, a na takwas ya amsa da tari,
Hayaƙinsa ya kori sauron rabin gari,
Maƙwabta sun daina saita agogon farkawa.

Fitila ɗaure da waya, siti ya sha faci,
Mita ta bar ƙidaya tun wani lokaci,
Amma kullum shi ke kawo mana abinci,
Ya san kowane ramin Samaru, ya iya kaucewa.

Wata Laraba na ratsa ta shagon Alhaji Lado,
Ga sabon yayi a jere, ja da baƙi, sun sha ado,
Leda ba a ɓare ba, siti da laushi kamar gado,
Maɓalli kawai ake dannawa, ba kik, ba turawa.

Ya ce, "Tanimu, lita guda ta kai ka Giwa ka dawo,
Gwangwanin nan naka me ya bar maka in ba ciwo?
Ba ni shi ka yi ciko, saura duk wata ka kawo."
Na ce zan yi shawara, ido kuwa ya gama ƙullawa.

Lantana ta ce, "Adashin nan fa na rufin ɗaki ne,
Ɗaga kai ka dubi kwanon, duk huji ne."
Na ce man da zan rage, shi ma ai kuɗi ne.
Ba ta ce ƙala ba, ta aje bokiti inda ruwa ke ɗigowa.

Ba zan ci amanarsa ba, bayana ya huta,
Taɓawa ɗaya ya kama kamar wuta,
Da man kwana biyu yanzu uku nake fita,
Masu shayin Ƙofar Doka har hannu suke ɗagawa.

Sai dai ƙwai bai san sabon yayi ba.
Satin farko a Kwangila, ban saba da birkin ba,
Na taka irin na da, bai yi jinkirin da na sani ba,
Kiret huɗu a kwalta, ina tsaye ƙudaje na taruwa.

Barau makanike ya zagaya shi, ya taɓe baki,
"Wannan wayoyi ne zalla, ni ban ga wurin aiki,
Kayansa sai an aika Kano, kuɗin sai mamaki."
Tsohon kuwa da ƙusa da guntun roba yake warkewa.

Da, a bakin titi nake jingine shi in shiga salla,
Ɓarawo ya gan shi ya wuce, har da ƙwalla.
Yanzu sarƙa da kwaɗo biyu, ka ji wahala,
Ina cikin sahu, kunnena na waje yana saurarawa.

Jiya a Tudun Wada na ji wani tari da na sani,
Na waiga, shi ne, da buhun barkono da wani
Siririn yaro a kai. Ya mutu masa ina gani,
Kik ɗaya ya yi, ya tashi, har da zabura.
Na tare shi na ce, "Samari, wane malami ka nema?"
Ya ce, "Baba, fulogi na canza, sai kabureta da ta sha wankewa."

Fulogi! Kuɗinsa bai kai kiret guda ba.
Masu tambaya ko na ci riba, ban sani ba,
Saura wata bakwai, ni da Lado ba mu gama ba.
Ku bari in biya, mu zauna mu yi lissafi.
Yanzu hadari ya haɗo ta Kufena,
Zan je gida, bokitin Lantana na neman juyewa.